Sulen Da Bai Taɓa Shiga Kasuwa Ba

Wani tsohon ɗalibina, wanda neman ƙarin ilimi ya kai shi Amurka har ya zauna can, shi ne ya jefa ni cikin tunanin da ya haifar da wannan maƙala. Da ya zo ganin gida sai ya biyo ta ofis ya gaishe ni, ya miƙo mini wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba, ya ce tsaraba ce. Ko da na buɗe, sai ga sule na azurfa kwance cikin karammiski, an kulle shi a kwanson roba garai-garai don kada yatsa ya taɓa shi. A fuska ɗaya akwai tambarin Jamhuriyar Chadi da rubutun saifa dubu ɗaya, a ɗaya fuskar kuwa hoton wani abin tarihi ne na Misira ta zamanin Fir'auna. A ƙarƙashinsa an ninke wata 'yar takardar shaida, wadda ke cewa azurfar tsantsa ce, nauyinta oza biyu, kuma adadi kaza kaɗai aka buga a duk duniya. Na yi godiya kamar yadda ya wajaba ga wanda aka tuna da shi. Amma bayan fitarsa na daɗe ina jujjuya abin a hannu ina tambayar kaina: shin wannan kuɗi ne? In ba kuɗi ba ne, to mene ne? Kuma ya dace mai hankali ya ɓatar da lokacinsa da dukiyarsa wajen tara irinsa?

Kada mai karatu ya ɗauka tambayar ta 'yan hutu ce. Duk inda aka ce an ɗauki sunan ƙasa da tambarinta an buga a kan ƙarfe, sannan aka karɓi gumin wani a madadinsa, to magana ta shafi amana, amana kuwa ba ta da ƙarama.

Ya kamata mu fara da sanin yadda wannan sana'a take gudana. Kuɗin da mutanen Chadi ke cefane da shi, Bankin Ƙasashen Afirka ta Tsakiya mai mazauni a Yawunde ne ke fitar da shi, shi ne kuma kuɗin Kamaru da wasu maƙwabtansu. Sulen da ke hannuna bai bi ta wannan ƙofa ba. Wani kamfani ne a ƙasar waje ya nemi izinin amfani da sunan ƙasar, ya zana abin da yake ganin zai ja hankalin masu saye, ya buga a maƙerarsa, ya sayar wa mutanen Amurka da Turai da Asiya. Abin da ke shiga hannun ƙasar shi ne ladan aron suna. Akwai irin waɗannan sulalla da sunan Nijar da Kamaru da Gana da Laberiya da Somaliya, amma wadda ta fi shahara a wannan fage ita ce Niue, wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik wanda mutanensa ba su kai dubu biyu ba, kuma da dalar New Zealand suke ciniki. Duk da haka an buga sulalla iri-iri da sunansa, masu ɗauke da hotunan Pokémon da Star Wars da 'yan tsanan Disney. Dalilin neman sunan ƙasa ba ɓoyayye ba ne. Idan babu sunan ƙasa da adadin kuɗi a jikinsa, ƙarfen ya zama lambar tunawa kurum, masu tara sulalla kuwa ba su cika waiwayar lamba ba. Sunan ƙasa shi ke shigar da shi cikin kundayen sulallan duniya, shi ke ɗaga farashinsa.

Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan zurfi. Da gangan ake rubuta adadin da bai kai darajar ƙarfen ba. Saifa dubu ba ta kai yuro biyu ba, alhali azurfar da ke jikin sulen ta ninka haka sau da yawa. Saboda haka babu mahaukacin da zai kai shi kasuwa ya sayi albasa, kuma ƙasar da ta ba da sunanta tana barci da munshari, don ta san babu ranar da za a zo mata da shi a ce ta fanshe shi. Haka dalar azurfar Amurka mai hoton gaggafa take, wadda ake bugawa tun 1986: oza guda ce cur ta azurfa, amma dala ɗaya aka rubuta a jikinta. Abin ya kai ga ban dariya a 2007, lokacin da Kanada ta buga sulen zinariya mai nauyin kilo 100 ta rubuta masa dala miliyan ɗaya, sannan a 2011 maƙerar birnin Perth a Ostireliya ta buga mai nauyin tan guda. Ɗaya daga cikin na Kanada ɓarayi suka shiga ta taga suka ɗauke shi daga wani gidan tarihi a Berlin cikin watan Maris na 2017, suka tura shi a baro. Wannan ita ce doguwar tafiyar da sulen ya taɓa yi a hannun talakawa.

To, mene ne kuɗi tun asali? Harshenmu da kansa ya ba da amsa, domin kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Wuri ɗaya ba kome ba ne, ɗan ƙwanson halittar teku ne da ake kwasowa daga tsibiran Maldib a can tekun Indiya. Sai ya haɗu da 'yan'uwansa, ya fita daga wannan hannu ya shiga wancan, sannan ya zama kuɗi. Ke nan a tunanin Bahaushe, yawa da yawo su ne ran kuɗi. Mun ɗanɗani gaskiyar wannan a farkon shekarar 2023, lokacin da aka sauya fasalin manyan takardun naira, mutum yana da dubbai a banki amma ya rasa na shiga mota. Malaman Musulunci ma sun daɗe da tattauna batun. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya lissafa aikin buga kuɗi cikin ayyukan da ke wuyan shugaba, ya bayyana cewa hatimin sarki a kan dinari ko dirhami shaida ce ga jama'a cewa ƙarfen ya tsarkaka daga algus, don su yi mu'amala da shi hankali kwance. Imam Ghazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta zinariya da azurfa da alƙalai biyu da aka naɗa don su raba gardama tsakanin kayayyaki, ya kuma kwatanta su da madubi, wanda ba shi da launin kansa amma yana nuna kowane launi. A ganinsa, wanda ya taskace su ya hana su yawo tamkar wanda ya kama alƙali ne ya kulle a kurkuku. Idan muka auna sulen Chadi da wannan mudu, za mu ga al'amarinsa ya fi na ɗaurarren alƙali ban tausayi. Shi a kurkukun aka haife shi, da rawaninsa da sandarsa, bai taɓa zaman shari'a ko sau ɗaya ba.

A cikin aljihun teburina akwai wani anini da na gada daga kakata. Ta ɗaura shi a zare tare da 'yan makullanta, abin da hudar tsakiyarsa ta sauƙaƙa. Yana da tauraro mai tsini shida, da rubutun boko da na Larabci, ya siɗe har da ƙyar ake karanta shekararsa. Babu mai ba ni ko kuɗin kofin shayi a kansa, don an buga irinsa miliyoyi. Amma ina iya zama da ɗalibai awa guda a kan wannan ɗan ƙarfe. Hudarsa tana ba da labarin mutanen da suka saba zura wuri a zare. Rubutun Larabcinsa yana nuna cewa Nasara ya gane da wane baƙi mutanen da ya ci da yaƙi suke karatu. Ƙanƙantarsa, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, tana nuna arahar rayuwa da kuma talaucin wancan zamani, har ya shiga bakinmu muna cewa wane ba shi da ko anini. Hasali ma, irin waɗannan sulalla na Afirka ta Yamma sun adana wani abu da Ingila kanta ba ta adana ba: a 1936 an buga su da sunan Sarki Edward na Takwas, suka shiga kasuwanninmu, alhali shi ya yi murabus kafin a fitar da kuɗin da ke ɗauke da hotonsa a ƙasarsa. Sule irin wannan mashaidi ne da ya ga abu da idonsa. Wannan ita ce tuhuma ta farko, kuma mafi nauyi, da ake yi wa sulen cikin akwati: bai ga kome ba, saboda haka ba shi da abin faɗa.

Tuhuma ta biyu ta shafi ƙarancin da ake tallarsa da shi. Ƙarancin tsohon sule hukuncin zamani ne: gobara ta ci wasu, an narkar da wasu, wasu sun nutse a rijiya, sauran kaɗan suka tsira ba da shirin kowa ba. Ƙarancin sabon sule kuwa a teburin shawara ake yanke shi. Wanda ya ce dubu biyar kaɗai zai buga na wannan zane, gobe zai fito da wani zanen shi ma dubu biyar, jibi haka, har ƙarancin ya yi yawa. Amurka ta sha wannan darasi tun da wuri. A 1892 ta buga rabin dala na tunawa da Kolumbus, aka sayar da shi dala guda, wato ninki biyu. Da kasuwa ta ƙi, sai aka zuba ragowar cikin kuɗin cefane a kan rabin dalarsu, waɗanda suka saya da tsada suna kallo. Zuwa 1936 abin ya zama wasan yara. A shekarar aka buga rabin dala wai don cikar birnin Cincinnati shekara hamsin da zama cibiyar kiɗa, alhali masana sun bincika ba su ga wani abin kirki da ya faru a 1886 da ya cancanci tunawa ba. Wani ɗan kasuwa ne kawai ya samu shiga a majalisa, ya saye duka, ya sayar yadda ya ga dama. Daga 1954 aka daina buga irin waɗannan sulalla a ƙasar, ba a koma ba sai 1982. Da aka koma ma ba a daɗe ba hali ya dawo, domin wasannin Olamfik na Atlanta, waɗanda mu a nan muke tunawa da su saboda zinaren ƙwallon ƙafa na 1996, an buga musu zane har goma sha shida, masu saye suka gaji. A wannan shekarar majalisarsu ta yi dokar taƙaita abin zuwa buki biyu a shekara.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu ɗaukar abin a matsayin ajiya don gobe. Kamfanin Franklin Mint, wanda aka kafa a 1964, ya cika gidajen Amurka da sulallan ƙananan ƙasashe irin su Panama da Jamaika da Bahamas a shekarun 1970, kowanne da akwatinsa da takardarsa. Da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo a watan Janairun 1980, har ya doshi dala 50 kowace oza, da yawa daga cikin waɗannan kaya tukunyar narkarwa suka nufa, don mai saye bai ga wani abu a jikinsu da ya wuce nauyinsu ba. A Birtaniya kuma, daga 2013 an riƙa sayar da sulen azurfa na fam 20 a kan fam 20, daga baya har da na fam 100, mutane suka ɗauka babu hasara tun da ko yaushe suna iya mayarwa. Da suka nufi bankuna sai suka tarar cewa halascin kuɗi a takardar doka daban, tilasta wa banki ko mai kanti ya karɓa kuma daban. Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar a nan ita ce an lulluɓe rariyar da karammiski an kira ta ƙwarya.

Don in gwada abin da idona, wata Asabar na ɗauki tsarabar tawa na nufi unguwar Hausawa ta garin da nake koyarwa, wurin wani dattijo maƙerin azurfa wanda ya yi fatauci a Chadi da Kamaru a ƙuruciyarsa. Bayan mun gaisa na miƙa masa akwatin. Ya ɗaga sulen ya duba gaba da baya, ya sa tabarau ya sake dubawa.

Ya ce, "Malam, wannan kuɗin ina ne?"

Na ce, "Baba, ai ga shi a rubuce, na Chadi ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Shekarata goma sha ɗaya ina shiga Njamena, ban taɓa ganin ɗan'uwansa ba. Amma azurfar tana da kyau."

Sai ya ɓalle kwanson robar da farcensa, abin da takardar ta yi gargaɗin kada a yi, ya ɗora a ma'auni, ya goga gefensa a dutse, ya faɗi abin da zai biya. Na miƙa masa takardar shaidar na ce ya duba, ƙila ta ƙara wani abu. Ya karɓa da hannu biyu saboda ladabi, ya juya ta, ya mayar mini ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni takarda ba ta narkewa a wurina." Abin da ya taya bai kai abin da ɗalibina ya biya ba, kamar yadda na gano daga baya. A hanyar komawa gida na tuna cewa shari'a ma da idon wannan dattijo take kallon abin: idan azurfa ta kai nisabi, dirhami 200, ta kuma shekara, ɗaya cikin arba'in ake fitarwa, kuma nauyi ake dubawa, ba akwati ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da hukunci ya yi sauƙi, sai mu ce duk tarkace ne mu tashi. Amma adalci ya hana, domin tarihi yana da nasa shaidun a ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙanana ba ne.

Sulen da ake yi wa kirari da sarkin sulallan Amurka, wato dalar da ke ɗauke da shekarar 1804, bai taɓa shiga kasuwa ba, kuma ko shekarar da ke jikinsa ba gaskiya ba ce. A wajen 1834 aka buga shi don a kai tsaraba ga Sarkin Maskat da Sarkin Siyam, lokacin da Amurka ke neman hulɗar ciniki da su. Wanda aka ba Sarkin Maskat an yi gwanjonsa a 2021 a kan dala miliyan 7.68. Fam biyar na zinariya da aka buga a Ingila a 1839, mai hoton Sarauniya Biktoriya tana tafe da zaki, wanda William Wyon ya zana, ana lissafa shi cikin mafi kyawun abin da maƙerar ƙasar ta taɓa fitarwa, shi ma don masu tarawa aka yi shi. A duniyar Musulmi ma, Sarki Jahangir na daular Mughal a Indiya ya sa an buga wani ƙaton dinari mai nauyin kusan kilo 12, wanda babu mai tunanin kai shi kasuwa. Irin waɗannan don kyauta ga jakadu da manyan fada ake yin su. Yau babu masanin da zai ce waɗannan ba su cancanci adanawa ba. Ashe ke nan rashin shiga kasuwa kaɗai bai isa ya kashe sule ba. Wanda bai ga kasuwa ba yana iya zama ya ga fada, kuma abin da sarakuna ke so a gani game da kansu shi ma tarihi ne. Mu da muke nazarin waƙoƙin fada mun san haka: ba ma watsi da waƙa don an biya mawaƙin, sai dai mu karanta ta da sanin wanda ya biya.

Sannan iyakar da ke tsakanin mai yawo da marar yawo ba ta miƙe sambal ba kamar yadda ake zato. A 2007 an fitar da sulallan kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu a ƙasar nan da nufin su yi yawo, amma tsadar kaya ta riga su isa kasuwa, har yara masu talla suka ƙi karɓa. Doka ta ce kuɗi ne, jama'a suka ce ba su san zancen ba. Akasin wannan shi ne azurfar nan mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya da ta rasu a 1780. An ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba canji, ta daina zama halastaccen kuɗi a ƙasarta tun 1858, amma ta ci gaba da yawo a ƙasashen Larabawa da Habasha da Barno da ƙasar Hausa, saboda fatake sun yarda da nauyinta da tsarkinta. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dala irin wannan a kan wuri 2,500. Da zamaninta ya wuce sai ta koma wuyan mata da tukunyar maƙera. Wannan azurfa ta samu yardar jama'a ba tare da doka ba; sulen akwatina kuwa ya samu doka ba tare da yardar kowa ba. A nan, a ganina, asalin bambancin yake. Ba yawo ko rashinsa ba ne ma'auni, a'a, ko abin da ƙarfen ke faɗa game da kansa gaskiya ne.

Idan muka riƙe wannan ma'auni, sai mu ga sulallan zamani ba su taru sun zama ɗaya ba. Krugerrand na Afirka ta Kudu, wanda aka fara bugawa a 1967, ko adadin kuɗi babu a jikinsa, nauyin zinariyarsa kawai ya faɗa, kuma abin da ya faɗa haka yake. Wanda ya saye shi ya san ƙarfe ya saya. Sulen da ƙasa ta buga da kanta don tunawa da wani abu da ya faru a cikinta, ta ba ƙwararren mai zane ya yi aikinsa, shi ma yana da hujja: yana gaya wa jikoki abin da kakanninsu suka ga ya isa a sassaƙa a ƙarfe. Wani abin mamaki ma, a cikin irin waɗannan, waɗanda aka ƙi saye su ne suka fi yin daraja daga baya. Dala biyar ta zinariya da Amurka ta buga a 1997 don tunawa da Jackie Robinson, Baƙar fatan da ya karya shingen wariya a babban wasan ƙwallon gora na ƙasar a 1947, nau'i ɗaya nata dubu biyar da 'yan kai kawai aka saya, sai ga shi ƙarancin da ba a shirya ba ya ɗaga ta. Ko a nan ma zamani ne ya yanke hukunci, ba mai talla ba. Wanda ba shi da hujja shi ne kashi na uku, mai sunan wata ƙasa da hoton wata ƙasa, wanda aka buga a ƙasa ta uku don a sayar a ta huɗu. Me ya haɗa Chadi da Fir'auna? Ƙasar da ke da zane-zanen duwatsun Ennedi, da tarihin daular Kanem, da tafkin da ya ciyar da al'ummomi, an rasa abin da za a ɗora wa sunanta sai kayan wasu, domin mai saye a can ya san Fir'auna bai san Kanem ba. Zanen aro ba ya rufe katara, amma a nan ba a ma san wa ya ari na wa ba: kamfanin ya ari suna, ƙasar ta ari hoto.

Wani zai ce, ina ruwanka? Mutum da kuɗinsa, ya ga abu ya ba shi sha'awa ya saya, wa ya cuta? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba na cikin masu raina sha'awa. Tara abu ɗabi'a ce ta ɗan Adam. Uwayenmu sun jera kwalla da tasoshi da fantimoti a ɗaka har rufi, ba don za su ci abinci a cikinsu duka ba, kuma babu wanda ya ce sun yi hauka. Amma uwar da ta jera kwanoni ta san kwanoni ta jera. Ba ta taɓa cewa taskar sarki ce ba. Damuwata ita ce mutumin da aka sayar wa sha'awa da sunan ajiya, ya riƙa rage cefanen gida yana saye, yana lissafin cewa ya tanadar wa 'ya'yansa gado, sai bayan ransa su kwashi akwatunan su kai wa mai ma'auni irin dattijon nan, a ɓalle robar a zubar da takardun. A nan akwai wanda aka cuta, ko da da hannunsa ya miƙa kuɗin. Akwai kuma cuta ta biyu wadda ba ta da mai kuka, ita ce ta hatimi. Abin da Ibn Khaldun ya ɗauka amana ce a wuyan shugaba ya koma haja da ake bayarwa haya, kuma ba mamaki ba ne cewa mafi yawan masu bayar da hayar ƙananan tsibirai ne da matalautan ƙasashe. Ban ga laifin Niue sosai ba, tsibirin da ba shi da ma'adinai ba shi da masana'antu dole ya sayar da abin da yake da shi. Amma ban iya kallon abin ba tare da wani ɗaci a maƙogwaro ba.

Sai dai kuma, daga wannan ɗacin ne na gano cewa tuhumar farko da na yi ba ta cika daidai ba. Na ce sulen akwati bai ga kome ba, ba shi da abin faɗa. Ashe yana da shi, sai dai ba abin da takardarsa ke faɗa ba ne. Bayan shekara ɗari, mai binciken da ya tsinci wannan ƙarfe ba zai koyi kome game da kasuwar Njamena ba, ba zai koyi kome game da Misira ba. Amma zai koyi cewa an yi wani zamani da sunan ƙasa mai 'yanci ya zama abin haya, da mutane suka daina taɓa kuɗi da hannu har suka koma sayen siffarsa suna rufewa a roba, da attajiran duniya suka fi son Afirka a zane bisa Afirka a zahiri. Wanda ya tara su da wannan ido, yana rubuta wa ya buga, a ina, don wa, nawa ƙasar ta samu, to aikin masani yake yi, kuma tarinsa ya cancanci wahalarsa. Haka wanda ya zaɓi 'yan kaɗan saboda kyan aikin hannu, ya biya abin da ba zai yi masa ciwo ba in ya ɓata, ya kira su da sunansu na gaskiya, wato lambobin ado. Wanda nake jiye wa shi ne mai tara su da sunan kuɗi, ko da sunan riba.

Ban sayar wa dattijon ba, don ba a sayar da tsaraba. Kwanson robar da ya ɓalle bai sake rufuwa daidai ba, sai na jefar da shi, na sa sulen tsirara a aljihun tebur kusa da aninin kakata. 'Yan watanni da suka wuce na lura gefensa ya fara dusashewa, ga kuma ɗan tabon da dutsen gwaji ya bari. Ranar nan ƙaramar 'yata ta biyo ni ofis bayan an tashe su daga makaranta, ta buɗe aljihun tana neman alewa, ta fito da su biyun. Ta ɗaga na azurfar ta ce, "Baba, wannan nawa ne?" Na ce saifa dubu aka rubuta. Ta ce, "Zai sayi me?" Na ce ba ya sayen kome. Ta dube ni kamar ba ta yarda ba, ta ajiye shi, ta ɗauki aninin ta kanga a ido tana leƙena ta cikin hudar.